Inshora Ba Ta Biyan Sakaci

A daren 15 ga Oktoba 1987 wata babbar guguwa ta ratsa kudancin Ingila. Ta tumɓuke itatuwa wajen miliyan 15, ta kuma rushe bututun hayaƙi na gidaje masu yawa. A ƙasashen sanyi akan gina murhu cikin ɗaki, da bututun bulo mai fitar da hayaƙi ta saman rufi. Akwai irinsa a waɗansu tsofaffin gidajen Jos.

In bututun ya lalace, mai inshora yakan nemi diyya, kamfani kuwa ya aiko mai dubawa. Idan iska ko tsawa ko gobara ce ta yi ɓarnar, akan biya. Amma in siminti ya daɗe da zubewa ba a gyara ba, sai a ce sakaci ne, ko kwabo ba za a bayar ba.

Saboda haka ɗan'uwa, ka riƙa share kunkunniya kowace shekara, kana ajiye rasit na magini. Ran da ɓarna ta auku, ɗauki hoto, ka rufe wurin da tamfol, ka sanar da kamfani nan da nan. Kada ka soma gini sai sun gani. Mai rufin kwano ma, wannan gargaɗi nasa ne.