Me Ya Sa Ido Ke Bin Rubutun Ƙasan Allo?

Rubutun da ke fitowa a ƙasan allo yayin kallon fim an tanade shi ne domin wanda ba ya jin harshen da ake magana da shi, ko mai larurar ji. Amma a gidajen kallo da shagunan cajin waya na Hardawa da Azare, sai a tarar da Bahaushe yana kallon Labarina ko Daɗin Kowa, babu kalmar da ta wuce shi, idonsa kuwa yana kan fassarar Turancin da ke ƙasa. Idan mai fassara ya kwafsa, nan take gardama ta tashi.

Asalin abin daga ƙwaƙwalwa yake. Wanda karatu ya zauna masa ba ya iya ganin rubutu ya ƙi karantawa. A 1935 wani masani Ba'amurke, John Ridley Stroop, ya nuna haka: idan aka rubuta kalmar "ja" da koriyar tawada aka ce mutum ya faɗi launin tawadar, sai ya yi jinkiri, domin ya riga ya karanta kalmar ba da niyya ba. Daga shekarun 1980 kuma Géry d'Ydewalle na Jami'ar Leuven a Beljiyam ya riƙa bin motsin idon masu kallo da na'ura. Ya gano cewa suna karanta rubutun ko da suna jin harshen sarai, har da Amurkawan da ba su saba da shi ba. Ga shi rubutun ba ya daɗewa, layi biyu kan yi kamar daƙiƙa 6, kuma duk abin da ya ɓullo kwatsam ido na kai masa. Ƙarar janareto da ƙaramar lasifikar waya su ma suna ƙara tura mai kallo wajen rubutun.

Sai dai wannan ɗabi'a ta masu boko ce. Tun shekarun 1950, da 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya silimomin Arewa, jama'a ke fahimtar labari daga fuska da waƙa da kuka. Da kamfanoni irin su Algaita a Kano suka shiga ɗora muryar Hausa a kan finafinan, kasuwa ta karɓe su hannu biyu, don kuwa tsohuwa da almajiri duk sun samu shiga.

A Indiya, Brij Kothari ya ci moriyar wannan kwaɗayin ido: daga 1996 ya fara aikin sa rubutun waƙoƙin fim cikin harshen da ake rera su, domin masu raunin karatu su riƙa gogewa suna nishaɗi. A nan Arewa ba a kama wannan hanya ba tukuna. Kusan duk rubutun finafinan Kannywood da Turanci ake yin sa saboda masu kallo na Kudu da ƙetare, don haka yaron Hardawa da idonsa ke bin layin, Turanci yake bita, sau da yawa ma gurɓatacce.