Kukan Kunne da Jiri

Yau zancenmu a kan kunne ne.

Abin da kuke gani a gefen kai ƙofa ce kurum. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai 'yan ƙasusuwa uku, bayansu kuma akwai wani abu mai kama da katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu gashi a kansu, wajen 15,000 a kowane kunne. Su ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya, ita kuwa ta kai wa ƙwaƙwalwa.

To, ga inda gizo ke saƙa. In ƙwayoyin nan suka mutu, ba su sake tsirowa. A 1988 masu bincike a Amurka suka gano na kaza suna tsirowa bayan sun lalace, kuma ana ta neman asirin abin, amma ɗan Adam bai sami wannan baiwa ba. Abin da ya tafi ya tafi.

Daga cikin manyan masu kashe su akwai ƙara. Mai injin niƙa da mai kwana kusa da janareta su lura: in ka tashi aiki ka ji kunnenka yana shuu, ko yana kuka kamar gyare, gargaɗi ne. Ka toshe kunne lokacin aiki, ka riƙa fita kana hutawa. Sanƙarau da ƙyanda ma suna kurumtar da yara, don haka kada a guje wa masu rigakafi. Akwai kuma allurai masu ƙarfi, irin su gentamisin, waɗanda ke ɓata ji in aka wuce ƙima. Kada ku yarda mai tallar magani a kasuwa ya soka muku allura.

Kunne kuma shi ke tsai da mutum daidai. Kusa da katantanwar nan akwai bututu uku masu lanƙwasa, ruwan cikinsu ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. In suka sami lahani sai jiri, ɗaki ya yi ta juyawa da mutum. Wani likita na birnin Biyana, Robert Barany, ya lura cewa in an zuba ruwan ɗumi ko na sanyi a kunne, idanu sukan yi ta motsi gefe guda. Wannan ya jawo masa kyautar Nobel ta 1914, har yau kuwa ana auna masu jiri ta haka. Aikin likita ne fa, kada kowa ya gwada a gida.

Na'urar ji da ake maƙalawa a kunne ƙara sauti take yi, ba ta ta da abin da ya mutu, kuma sai an auna mutum kafin a zaɓa masa. Wanda kunnensa ɗaya ya daina ji farat ɗaya, lalle ya zo asibiti ran nan, gama maganin ya fi ci a kwanakin farko. Yaron da kunnensa ke zubar da mugunya, a kawo shi, kada a sa masa tsinke ko gashin kaza.