Lalurar Otizim da Neman Abin Yi: Abin da Na Gani a Bukan Sidi

Eggon ne harshen gidanmu. Hausa kuwa a layinmu na Bukan Sidi, cikin garin Lafiya, na tsince ta tun kafin in zo jami'a in karanta nahawunta. Na faɗi haka ne domin duk wanda ya koyi Hausa daga baya ya san zafin a yi habaici kowa ya yi dariya, shi kaɗai bai gane ba. A wurinmu wannan hali na ɗan lokaci ne, amma akwai mutanen da haka suke rayuwa kullum, ko da a harshen da suka sha a nono. Ɗaya daga cikinsu ɗan kawuna ne mai shekara 24, kuma saboda shi na rubuta wannan maƙala.

Abin da likitoci ke kira otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa, wanda alamunsa kan bayyana tun ana yara. Yakan fito ta fuska biyu. Ta farko ita ce wahalar mu'amala da fahimtar abin da mutane ke nufi. Ta biyu ita ce son maimaita abu ɗaya, da tsananin shaƙuwa da wani fanni, da kuma jin ƙara ko haske fiye da yadda sauran mutane ke ji. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ne ya bayyana lalurar a 1943 bayan ya nazarci yara 11, sannan a 1944 Hans Asperger ya yi rubutu a kan wasu yaran a birnin Biyana. Masu lalurar hawa-hawa ne: wani ba ya magana sam, yana buƙatar mai kula da shi har ƙarshen rayuwa, wani kuma ya gama jami'a. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Bincike ya nuna gado yana da babban kaso a cikin dalilanta. Rahoton nan na 1998 da ya danganta ta da allurar rigakafi kuwa, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Mu ɗaliban harshe, akwai inda abin ya shafe mu kai tsaye, wato suna. Kafafen yaɗa labarai na Hausa sukan ce galahanga, sai dai na lura a bakin jama'a kalmar takan haɗa har da wasu lalurorin daban. A unguwa kuwa abin ya fi muni: dolo, gaula, ko a ce mutanen ɓoye ne suka taɓa shi. Ɗan kawuna ya sha hayaƙi da rubutu da addu'o'in dare kafin wani likita a Jos ya gaya wa mahaifiyarsa sunan abin, a lokacin yana da shekara 15.

Tun yana ƙarami ba abin da yake so kamar kayan lantarki. Yakan sayi matattun rediyoyi da fankoki a hannun 'yan bola jari, ya zauna awa biyar ko shida a kan guda ɗaya, ba ci ba sha, sai ta yi magana. Saboda haka da ya gama sakandare kowa ya ɗauka aiki ba zai yi masa wuya ba.

Ashe ƙofar shiga ce matsalar. Wani mai shagon wayoyi ya yi masa tambayoyi, da ya ga yaron ba ya kallonsa sai ya ce, “To, je ka, sai an kwana biyu ka leƙo.” Ya kwana biyu cif, ya koma. Aka ce ya dawo gobe, ya dawo gobe, har sau shida, sai da yaran shagon suka fara yi masa dariya. Mai karatu ya san “kwana biyu” a Hausa ba lissafi ba ne, kuma “dawo gobe” sau da yawa sallama ce cikin ladabi. Wannan shi ne abin da muke karantawa a darasin ma'ana, wato tazarar da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da ake nufi. Hausa kuwa harshe ne mai son hannunka-mai-sanda, da karin magana, da gugar zana. Mai otizim yakan tsaya a kan abin da aka faɗa.

Batun kallo ma abin lura ne. A gida, sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, don haka tsofaffi na yabonsa da kunya. A wurin ganawar neman aiki kuma, wannan ɗabi'ar ce ake ɗauka rashin gaskiya. Gaisuwa haddace ta ya yi kamar karatu: ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya mutanen gida. In aka sauya masa jerin, sai ya yi shiru. A wuri na biyu ya samu shiga koyon gyaran waya, amma bai cika wata ba, domin wata mata ta tambaye shi ko batirin da za a sa mata mai kyau ne, ya ce mata jabu ne. Gaskiya ya faɗa, a gaban maigidansa.

Ba a nan kaɗai ake fama ba. A Birtaniya, alƙaluman hukumar ƙididdiga da aka fitar a 2021 sun nuna kashi 22 cikin 100 ne kawai na manya masu otizim ke da aiki. A Nijeriya akwai dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Doka ce mai kyau. Sai dai yawancin matasan Bukan Sidi a shago da gareji suke samun abinci, inda maganar maigida ce doka. Ga shi lalurar ba ta zuwa da sanda ko keke, balle a gani a tausaya.

Sau da yawa abin da mai otizim ya shaƙu da shi ne ke zama sana'arsa. Temple Grandin, farfesa a Jami'ar Jihar Kolorado, shaƙuwarta da shanu ce ta kai ta ga tsara hanyoyin kora dabbobi da mayanka da dama a Amurka ke amfani da su. A nan gida, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, yaro mai shekara 15, ya shiga kundin Guinness da zanen da ya haura murabba'in mita 12,000, wanda aka baje a Abuja ranar 2 ga Afrilu, 2025, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa lalurar. Amma ina tsoron irin waɗannan misalai, domin sukan sa iyaye su zauna jiran baiwa ta ban mamaki. Ɗan kawuna ba gwanin duniya ba ne. Mai gyara ne mai haƙuri, kuma hakan ya isa a ci abinci.

Wanda ya gane haka wani dattijo ne mai gyaran rediyo a kan hanyar Jos. Bai yi masa tambaya ko ɗaya ba, matacciyar fanka ya miƙa masa. Da ta juya, ya ba shi benci a can ƙuryar shago, nesa da janareta. Aiki ɗaya yake ba shi a lokaci ɗaya, da magana ƙarara: “Gyara wannan, in ka gama ka kira ni.” Ciniki da masu kaya kuwa Baba ne ke yi da kansa. Abin da yake samu bai wuce na abinci da sabulu ba, kuma mahaifiyarsa ba ta daina tambayar wa zai riƙe shi in ba ta ba, tunda Baban ma ya tsufa.

Yanzu yana da wani ɗan littafi da yake rubuta maganganun da ba a nufinsu yadda aka faɗa. Da na je hutu ya ce mini, “Yaya, kwana biyu kwana nawa ne?” Na ce daga kwana uku har shekara uku. Ya dube ni jim, sannan ya rubuta.