Daga Rumfar Mahauci zuwa Ɗakin Bincike

A watan Afrilu zafin rana a Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Mahaucin da ya yanka sa da asuba ya san tilas ne ya sayar da namansa kafin la'asar, ko da a kan hasara. Dalili kuwa shi ne, kusan kashi 75 cikin ɗari na ɗanyen nama ruwa ne, ga kuma furotin, wato cimar da ƙwayoyin bakteriya suka fi so. Wasu daga cikinsu sukan rabu biyu duk minti 20 idan suka sami ɗumi. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya lissafa: cikin sa'a 7 ƙwaya ɗaya tak za ta iya haura miliyan 2.

Kakanninmu ba su taɓa ganin bakteriya ba, amma sun yi mata tarko. Mai kilishi yakan fere nama falle-falle, ya shanya, ya tsoma cikin labu na tunkuza da gishiri da citta da kanumfari, ya sake shanyawa, sa'an nan ya gasa sama-sama. Kowane mataki yana rage ruwan da ƙwayoyin ke buƙata. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙuda da ƙura a wurin shanya, da kuma gyaɗar da ta yi fumfuna, domin irin wannan gyaɗa takan ɗauki gubar afulatoksin mai lahanta hanta, wadda gashi ba ya kawar da ita. Maƙwabtanmu na Nijar sun sama wa kilishinsu rajistar shaidar asali a 2021, abin da ya wajabta musu tsayar da ƙa'idojin yinsa.

To, idan ɗalibi ya ƙera akwatin shanya mai aiki da hasken rana wanda ƙuda ba ya shiga, wa zai taimake shi ya kai shi kasuwa? A nan ne batun shirye-shiryen renon sababbin kamfanoni ya shigo. Akan zaɓi matasa masu dabara, a ba su ɗan jari da ƙwararrun masu ba da shawara na kimanin wata 3, daga ƙarshe su tsaya gaban masu zuba jari su nuna abin da suka yi. Kamfanin Y Combinator na Amurka ne ya shahara da wannan tsari tun daga 2005. A Ostareliya, hukumar nama da dabbobi da aka kafa a 1998 tana samun kuɗi daga ɗan harajin da ake cira duk lokacin da aka sayar da dabba, kuma ta tallafa wa irin waɗannan shirye-shirye. Wato makiyayi ne da kansa ke biyan kuɗin binciken da zai amfane shi. Wannan ya fi burge ni a kan duk na'urorinsu.

Mu ma ba a bar mu a baya ƙwarai ba. An buɗe cibiyar renon fasaha ta farko a Agege, Legas, a 1993, akwai kuma irinta a Birnin Kebbi. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, yana girka ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, mai kaya ya biya kuɗin ajiya na kwana. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro ma'aikatar raya kiwo.

Sai dai ina da ja a kan aron tsarin yadda yake. Wata 3 ya ishi mai rubuta manhajar kwamfuta, amma saniya wata 9 take goyon ciki. Kuma matsalarmu tana farawa tun kafin wuƙa ta hau wuyan dabba. Shanun da ke kiwon rani a fadamar Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, suna cin ciyawar bakin ruwa mai ɗauke da 'ya'yan tsutsar hanta, wadda ke girma cikin wani ƙaramin dodon koɗi kafin ta manne wa ciyawa. Dabba ta rame, a mayanka kuma likita ya zubar da hantar, alhali tana cikin sassa masu tsada. Matashin da zai yi yawo da madubin ƙara girma yana duba kashin shanu a ruga, a ba da magani tun da wuri, sana'a ya kafa. Jami'ar da ke Aliero da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna yaye ɗaliban da suka iya wannan aiki. Wanda zai haɗa su da Sarkin Fawa da shugabannin makiyaya shi ake nema.

Malaman sakandare kuwa za su iya farawa tun a wannan zango. A sayi tsokar nama giram 200, a fere, a raba biyu. A shanya rabi a fili, rabi cikin akwatin da aka rufe da raga da farar leda. Ɗalibai su riƙa aunawa duk sa'a 2, su ƙirga ƙudan da suka sauka, su zana jadawalin raguwar nauyi. Kada kowa ya ɗanɗana, kuma a wanke hannu da sabulu bayan kowane awo.