Yadda ake bitar gyara a buɗaɗɗun manhajoji, da gurbin da ke jiran matasan Jos

Matashin da ke zaune a Kabong, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, yana iya gyara manhajar da miliyoyin mutane ke amfani da ita ba tare da ya wuce Gada Biyu ba. Kwamfuta da data da wutar caji sun ishe shi. Sai dai gyaran nasa ba zai shiga ba sai wani ya karanta shi layi bayan layi, ya yi masa tambayoyi, sannan ya amince. Wannan mataki shi ake kira bita, kuma a nan ne sababbin shiga da dama suke karaya.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun umarninta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba bisa sharuɗɗan lasisinta. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, ita ce ginshiƙin wayoyin Android da ke hannun jama'a. Haka ma MediaWiki, manhajar da Wikipedia ta Hausa take gudana a kanta.

Da yake ƙofa a buɗe take ga kowa, dole a sami masu tsaronta. Mai gyara yakan kwafi manhajar, ya yi aikinsa, ya miƙa buƙatar a karɓa, galibi a dandalin GitHub da aka buɗe a 2008. Na'ura ce ke fara gwada gyaran don a ga ko ya ɓata wani abu, kafin masu kula da manhajar su duba. Kowane gida da al'adarsa. Masu Linux har yau ta imel suke aika gyara, mai aikowa ya sa sunansa a ƙasa a matsayin shaida cewa yana da haƙƙin miƙa shi. A MediaWiki kuwa maki ake bayarwa a wani dandali mai suna Gerrit: duk mai rajista na iya ba da +1, amma gyara ba ya shiga sai wanda aka ba izini ya ba shi +2.

Rabin aikin magana ce. Mai bita yana son ƙaramin gyara da ya tsaya kan matsala guda, tare da bayanin dalilin yin sa, domin rubutun kansa yana nuna abin da aka sauya amma ba ya faɗin dalili. Wanda ya aiko layi dubu a dunƙule ya ɗora wa ɗan sa-kai aikin yini guda, don haka kada ya yi mamaki idan ya ji shiru. Kuma duk zancen a rubuce ake yin sa, a bainar jama'a, yawanci da Turanci, tsakanin mutanen da safiyar wani daren wani ce.

Ga wanda ya tashi a inda ba a shiga magana sai an gaisa an tambayi iyali, amsar da ta zo da kalma uku tana iya zama kamar wulaƙanci. Sau da yawa ba haka ba ne, layin aka yi wa gyara ba mai layin ba. Amma akwai lokacin da zafin harshen na gaske ne. Torvalds da kansa ya yi suna wajen caccakar masu aiko gyara, har a watan Satumban 2018 ya nemi afuwa, ya janye daga aiki na 'yan makonni, aka kuma kafa wa Linux sabuwar ƙa'idar ɗa'a.

Abin da ya faru da manhajar XZ Utils ya nuna cewa batun ya wuce ladabi. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana riƙe da ita a matsayin aikin sa-kai. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana aiko gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka riƙa matsa wa Collin da saƙonnin ƙorafi, suna cewa yana jan ƙafa, ya ba wani dama. Sannu a hankali Jia Tan ya sami ikon shigar da gyara da kansa, ya kuma dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta iya ba shi damar shiga kwamfutocin jama'a daga nesa.

Asirin ya tonu ne a ranar 29 ga Maris, 2024, bayan wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa a wajen shiga wata kwamfuta, ya bi diddigi. Da surutu aka gajiyar da mai tsaron ƙofa, kuma babu isassun idanu da za su duba abin da magajinsa yake shigarwa.

Wannan ƙarancin masu bita shi ne gurbin da ya kamata matasan Filato su duba. Jos ba baƙuwa ba ce a fagen: cibiyar nHub tana horar da masu rubuta manhaja a garin tun 2015, ga ɗaliban Jami'ar Jos, ga kuma ƙungiyar Open Source Community Africa da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018. Sai dai hankalin mai koyo ya fi karkata ga rubuta nasa fiye da karanta na wani, alhali a yawancin ayyukan ba a neman izini kafin a gwada gyaran wani a faɗi abin da aka gani.

Akwai kuma kurakuran da ɗan gida ne kaɗai zai gani. Mai bita a Jamus zai iya amincewa da tsarin bincike da ke ɗaukar ƙ da k a matsayin harafi ɗaya, bai san ya haɗa ƙafa da kafa ba. Ba lallai ne ya san cewa Nijar tana rubuta ƴ a inda Nijeriya take rubuta 'y ba, ko cewa manhajar da ke share alamar da ke gaban y tana mai da 'ya'ya su koma yaya. Rahoto a kan irin wannan ba ya buƙatar dogon Turanci: kalmar da aka rubuta, abin da ya fito, abin da ya kamata ya fito, da hoton allon wayar.