Kwana ɗaya a bakin teku: tahiya zuwa Aneho

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Amma ƴan Nijar da yawa suna zuwa bakinsa neman abinci. Akwai direbobin manyan motoci, akwai ƴan kasuwa, akwai masu zuwa cin rani. A shekarar 2023 aka ruhe iyakar Nijar da Benin a gadar Gaya, sai kayan Nijar da yawa suka koma bi ta tashar jiragen ruwa ta Lome, babban birnin Togo. In wata rana harka ta kai ka Lome, ko jiran kaya ya tsai da kai can, kana iya ware kwana ɗaya ka je ka huta a wani ƙaramin gari na bakin teku. Sunan garin Aneho.

Aneho na gabas da Lome, wajen kilomita 45, dab da iyakar Benin. Hanyar kwalta ce, tana bin bakin teku. Mota ba ta wuce awa ɗaya da ƴan mintoci, in ba cinkoso. Kana iya cewa: to, mi ya sa sai an kwana, tunda kusa ne? Dalili shi ne teku da sahe ake ganinsa. Da sahe ne iska ke da sanyi, masunta ke jan taru, mata ke jiran kihi da kwanoni. Wanda ya zo da rana tsaka ya koma da la'asar, zafin rairayi kawai zai gani.

Fara da zaɓen lokaci. Damanar kudancin Togo ba irin tamu ba ce. Can damana biyu gare su. Babba tana kamawa daga watan Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan sama ba ya da yawa, tahiya ta fi daɗi. Wajen watan Satumba kuma mutanen yankin suna babban bikin sabuwar shekararsu a Giliji, wani ƙauye kusa da Aneho. Jama'a na cika wurin, ɗakin kwana na wuyar samu.

Sai maganar kuɗi. Nan ka huta da canji, don sefar da ke aljihunka a Maraɗi ko Tawa ita ce ake kashewa a Togo. Kafin ka tashi, raba kuɗin kashi huɗu: na mota, na ɗaki, na abinci, da na ko-ta-kwana. A ce jika 20 ka ware. Fara cire kuɗin motar komawa, ka ƙulle shi daban, kada ka taɓa. Ka nemi canji tun daga Lome, don mai saida kihi a bakin ruwa ba ta da canjin jika goma. In kuɗin uban gidanka ne a hannunka, ko kuɗin sayen kaya, kada ka ɗauke su zuwa yawon hutu. Bar su wurin mai masaukinka, wanda ka amince da shi, gaban shaida.

Kaya kaɗan sun isa: riga biyu, zane ko mayafi, takalmin roba, tocila, butar alwala, da sange. Sangen nan kada ka raina shi. Bayan garin akwai babban tabki wanda ya haɗe da tabkin Togo, sauro kuma ba ya rabuwa da irin wannan wuri. Dare ɗaya ya isa mutum ya kwaso zazzaɓi. Ka riƙe katin ɗan ƙasa da takardar allurar shawara a jikinka, cikin leda don kada su jiƙe. Gari ne na kan iyaka, ana iya tambayarka takardu. Ka faɗa wa mai masaukinka inda za ka da ranar da za ka komo. Shi ne kuma zai nuna maka tashar motocin Aneho. Ka yi jinga da direba kafin ka shiga, ka ce masa cikin gari za ka sauka, kada ya wuce da kai bakin iyaka.

A hanya ka zauna gefen dama, wajen da teku yake. Za ka wuce tashar jiragen ruwa, sannan gonakin kwakwa. Wajen kashi biyu cikin uku na hanyar akwai garin Agbodarafo. Nan akwai wani tsohon gida inda ake ɓoye bayi kafin a sa su jirgi. Ƙarƙashin daɓen katako aka yi musu rami, wanda babban mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. In kana da hali ka tsaya ka gani, ba abin mantawa ba ne. Gaba kaɗan, a Kpeme, za ka hangi wata doguwar gada ta ƙarfe da ta shiga cikin teku ba ta hita ko'ina ba. Ta nan ake loda wa jirage fosfat, ƙasar da ake haɗa takin zamani da ita.

Yi ƙoƙari ka isa da azahar. A can rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, rani da damana, kuma duhu na shiga da sauri. Baƙo ba ya neman ɗaki cikin duhu. Akwai otel, akwai ƙananan gidajen baƙi masu sauƙin kuɗi. Kafin ka biya, ka ce a nuna maka ɗakin. Duba ƙofa tana kulluwa, duba ruwa na zuwa, duba akwai fanka. Zafin can da gumi yake tahe, ba busasshe ba ne kamar namu, wanki ma yakan kwana bai bushe ba. Mutanen garin yaren Mina suke yi, da Faransanci. In ba ka jin ko ɗaya, nemi masu gashin nama ko masu tireda, sau da yawa a nan ake dacewa da mai jin Hausa, shi zai nuna maka masallaci.

Aneho tsohon gari ne. Mutanen da suka kafa shi daga wajen Akara da Elmina suka hito, cikin ƙasar Gana ta yau, shekaru fiye da 300 da suka wuce. Turawa na kiransa Ƙaramin Popo. Zamanin mulkin Jamusawa shi ne hedikwatar Togo, sai a 1897 aka maida ita Lome. Tun daga nan garin ya yi sanyi. Za ka ga tsofaffin benaye da coci-coci, wasu sun tsattsage. Wannan shirun shi ne daɗinsa ga wanda ya gaji da hayaƙin Lome.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi. Ɗan'uwa, teku ba gulbi ba ne. Ko ka iya iyo a gulbin Maraɗi, ko a tabkin Madarunfa, ko ma a kogin Kwara, wannan wani abu ne daban. Gulbi wuri ɗaya ya nufa, kana ganin inda ya dosa. Teku kuwa yana zuwa yana komawa. Raƙumin ruwa zai taso ya bugi gaɓa, ya watsu bisa rairayi kamar ya gaji. Sannan ruwan ya koma da ƙarfi, yana zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mutum na tsaye ruwa iya gwiwa, sai ya ji ƙasa ta gudu. Kafin ya miƙe wani raƙumin ya rufe shi. Bakin tekun Togo kuma gangare ne, taki kaɗan ka shiga zurfi.

Akwai wani tarko da ya fi wannan. Wani wurin za ka ga ruwa kwance, ba kumfa, tsakanin wurare biyu masu hauka. Baƙo sai ya ce nan ne da sauƙi. Alhali nan ce hanyar da ruwan ke bi ya koma ciki, tana ja kamar kwazazzabo ranar ruwan sama. Wanda ya iya iyo, in ta kama shi, kada ya yi kokawa da ita. Ya bi gefe, tsawon gaɓa, har ya hita daga cikinta, yana ɗaga hannu a gan shi. Wanda bai iya ba, iyakarsa idon sawu. Kada ka ba teku baya don a ɗauke ka hoto. Kada ka saki hannun yaro. In ka ga wani ruwa ya ja shi, kada ka faɗa bayansa, don a haka ake rasa mutum biyu. Yi kururuwa ka kira masunta, ka jefa masa igiya ko jarka marar komi mai murfi.

Ruwan teku yana kuma hawa yana sauka, sau biyu a kwana guda. Wajen awa shida yana cikowa, wajen awa shida yana janyewa. Wata ne ke jansa, shi ya sa hawan ya fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu. Inda ka shimfiɗa tabarma busasshe da azahar, kana iya tarar da ruwa da la'asar. Duba inda rairayi ya jiƙe da inda ruwa ya tara shara, ka aje kayanka sama da nan. Ruwan kuma ba ya shayuwa. Lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, in ka sha ƙishirwa za ta ƙaru. Sayi ruwan sha, ko ka sa a sare maka ɗanyar kwakwa.

Za ka ga an jera manyan duwatsu sun miƙe cikin ruwa. Ba don zama aka sa su ba, suna da santsi. An sa su ne don teku yana cin garin. Ruwa na kwasar rairayi daga yamma yana kai shi gabas. Da aka gina tashar Lome, wadda aka buɗe a 1968, bangonta ya tare rairayin, sai teku ya shiga cin gaɓar da ke gabas da ita. Ya ci gidaje, ya ci gonakin kwakwa, har tsohuwar hanyar mota ya cinye. Mu hamada ke matso mu, su kuwa ruwa.

Da dare ka ci abincinka da wuri. Akwai gasasshen kihi, da soyayyar doya da suke kira koliko, da tuwon masara da suke kira akume. In miya da nama, tambayi naman mine ne. Kada ka yi yawo bakin ruwa bayan isha, ba fitila, ba mai ganinka.

Bayan sallar asuba ka sauka bakin ruwa. Za ka ga mutane sun yi layi suna jan igiyar taru da waƙa, kamar gayyar noma. Jan yakan ɗauki awowi. In ka yi gaisuwa ka kama igiyar, ba mai hana ka. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ka tambaya, kada kuma ka taɓa abin da ka ga an ɗaure da ƙyalle ko an zuba wa manja, wurin bautarsu ne. Daga nan ka je inda tabki ke haɗuwa da teku, kusa da gada, ka kalli ruwa biyu daga nesa.

Da hantsi ka koma ɗaki ka yi wanka da ruwan pampo, don gishiri na sa ƙaiƙayi. Ka wanke takalmi, ka goge salula, ka tambayi mai gida ƙarfe nawa ake sakin ɗaki don kada a lissafa maka kwana biyu. In Lahadi ce, kama hanya kafin la'asar, don da marece hanyar Lome na cika da masu komowa daga bakin ruwa.