Idan Kwamfuta Ta Riƙa Yanke Hulɗa Da Intanet, Laifin Wa?

A 'yan shekarun nan da wuya a shiga ofis, ko makaranta, ko shagon buga takardu a ƙasar nan ba a ji wani yana kukan intanet ta ɗauke masa ba. Wanda ya san babu ita ɗungum yakan haƙura ya kama wani aiki. Wanda ke cikin wahala shi ne wanda take zo masa tana komawa, watau kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta kama Wi-Fi na minti goma, ta saki, ta sake kamawa. Ɗalibi ya cika takardar neman shiga jami'a tun daga farko har ya kai wurin biyan kuɗi, sai hulɗa ta yanke, an cire kuɗin a banki amma rasit bai fito ba. Ma'aikaci yana cikin ganawa da shugabanninsa da ke Ikko, sai a ga hotonsa ya daskare, bakinsa a buɗe.

Wani maƙwabcina malamin makaranta ya sha wannan wahala wata da watanni. Sau biyu yana kai kwamfutarsa wurin masu gyara. A karon farko aka goge ta aka sake zuba mata Windows, ya yi asarar tambayoyin jarrabawa da ya tara na shekara uku. A karo na biyu aka canja mata katin Wi-Fi, ya biya. Da ya dawo gida cuta tana nan yadda ya bar ta. Ashe akwatin da ke watsa intanet a gidan, wanda ake kira rauta, yana ajiye ne a falo bayan talabijin, shi kuwa malam yana aiki a ƙuryar ɗaki, bango biyu na bulo da ƙofar ƙarfe a tsakaninsu. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Saboda haka tambayar da ta kamata mai kwamfuta ya fara yi wa kansa, tun kafin ya sa hannu a aljihu, ita ce: a ina ne igiyar ta tsinke? Domin abin da muke haɗawa mu kira intanet gaɓa biyu ne. Akwai ta kusa, daga kwamfuta zuwa rauta, wadda ita ce Wi-Fi, tsawonta bai wuce 'yan taku ba. Akwai kuma ta nesa, daga rauta zuwa kamfanin sadarwa, daga nan zuwa duniya. Kowace ta tsinke, abin da mai aiki zai gani ɗaya ne, shafi ya ƙi buɗewa.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Gwaji mafi sauƙi shi ne mutum ya ajiye wayarsa a gefen kwamfuta, ya kashe mata data, ya haɗa ta da Wi-Fi ɗin nan guda. Idan abin ya ɗauke, sai ya duba wayar. In ita ma ta tsaya, to, kwamfuta ba ta da laifi, sai a nufi rauta ko kamfani. In kuwa waya tana aikinta kwamfuta ce kaɗai ta saki, an san inda za a dosa. Haka nan yana da kyau a ɗauki kwamfutar a kai ta gidan wani ko ofis a gani ko za ta yi halin nata a can.

Wanda ke son ya tabbatar ƙwarai, akwai hanyar da ma'aikatan sadarwa ke bi. A cikin Windows a buɗe baƙin allon nan da ake kira Command Prompt, a rubuta ipconfig. Daga cikin abin da zai fito akwai layin Default Gateway, lambar da ke gabansa ita ce adireshin rauta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a ƙananan akwatunan aljihu na Huawei kuwa 192.168.8.1. Sai a rubuta ping -t, a bar fili, a sa lambar. Kwamfuta za ta riƙa yi wa rauta sallama kowace daƙiƙa tana nuna amsa. A buɗe allo na biyu a yi haka da lamba 8.8.8.8, wadda ta kamfanin Google ce, a bar su suna tafiya a ci gaba da aiki. Sa'ad da hulɗa ta yanke a leƙa. Idan allon biyu duka sun daina samun amsa, matsalar tana cikin gida. Idan rauta tana amsawa ta waje ce ta yi shiru, babu abin da mai gyaran kwamfuta zai iya yi, ko da ya kwance ta ƙusa-ƙusa.

Mai karatu zai iya tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, har bankuna suka taɓu, aka kuma ɗauki makonni kafin a gama gyara. A ranar alamar Wi-Fi cike take a kan kowace kwamfuta. Wannan alama ƙarfin gaɓa ta kusa kaɗai take nunawa, ba ruwanta da abin da ke faruwa a teku.

Wi-Fi rediyo ne

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da dare yana neman tasha a gajeren zango, wata tashar tana hawa kan wata, ya riga ya fahimci rabin matsalar, domin Wi-Fi rediyo ne, sai dai mai ƙaramar murya. Asalinsa shi ne a 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zanguna ta ce kowa na iya amfani da su ba tare da lasisi ba. A 1997 aka fito da ƙa'idar farko mai lamba 802.11, wadda gudunta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba, sa'an nan a 1999 aka raɗa wa abin suna Wi-Fi. To, wurin da aka ce na kowa ne, ai sai kowa ya shigo da kayansa. A zangon gigahaz 2.4 nan Bluetooth yake, nan linzamin kwamfuta maras waya yake, nan kuma na'urar ɗumama abinci ta lantarki take aiki. Gidan da intanet ke ɗaukewa duk lokacin da uwargida ta sa miya a ɗumama, ba aljanu ba ne. Har ma kamfanin Intel ya bayyana a 2012 cewa kayan USB 3.0, irin ma'ajiyar bayanai da ake maƙala wa kwamfuta, suna fid da hayaniya a wannan zango.

Bugu da ƙari zangon ƙunci gare shi. An raba shi tasha 13 a yawancin ƙasashe, amma sun hau kan juna, uku ne kawai ba sa taɓa juna, watau 1 da 6 da 11. A gidan haya mai hawa uku inda kowane ɗan haya ke da rautarsa, sai abin ya zama kamar taron suna, kowa na magana ba mai jin wani. Magani shi ne a shiga shafin rauta ta adireshin nan da muka ambata, a zaɓar mata ɗaya daga cikin ukun a ga wadda ta fi zama lafiya. Akwai kuma wani abu da ya shafi masu sayen kwamfuta 'yar kwatano. A Amurka tasha 1 zuwa 11 ake amfani da su, saboda haka wasu kwamfutocin da aka yi domin kasuwar can ba sa ganin ta 12 da ta 13. Idan an bar rauta tana zaɓar tasha da kanta, ranar da ta koma ta 13 sai kwamfuta ta neme ta ta rasa, alhali wayoyin gidan suna aiki.

Rautocin zamani suna da zango na biyu, gigahaz 5, mai faɗi da sauri da ƙarancin cunkoso, amma ba ya jure wa bango kamar na farko. Da yawa daga cikinsu suna ba zangunan biyu suna ɗaya, kwamfutar da ke zaune a kan iyaka kuwa sai ta yi ta tsalle tsakaninsu, kowane tsalle da 'yar yankewarsa. A raba musu suna. Na kusa da rauta ya kama 5, na ƙuryar ɗaki ya kama 2.4. Ita kuma rautar a ɗora ta a sama, a tsakiyar gida, a sarari. Dakin mai rodi, da ƙofar ƙarfe, da firiji, da babban madubi, duk suna tare saƙo. Kada a rufe ta cikin kabad don tsoron yara, musamman a watannin Maris da Afrilu, domin in ta yi zafi takan mutu ta tashi da kanta.

Sa'ad da aka ɗauke wuta

A ra'ayina wannan shi ne wurin da aka fi ruɗewa a ƙasarmu, domin ɗaukewar wuta tana haifar da cuta biyu daban a lokaci guda. Ta farko a bayyane take: rauta ta mutu, in an ta da janareta sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo. Ko ƙiftawar wuta ta daƙiƙa guda ta isa ta sa ta sake tashi daga farko. Ƙaramin batirin ajiya da ake sayarwa domin rauta yana maganin wannan.

Ta biyun ita ce ɓoyayya. Da zarar caja ta daina ba da wuta, kwamfuta takan koma kan batirinta ta shiga tsimi, daga cikin abin da take rage wa abinci kuwa har da katin Wi-Fi. Alamar wannan ita ce abin yana lafiya muddin caja na jiki, da an zare ta sai saki ya fara, ko kuma kwamfuta ta farka daga barci ta kasa gane Wi-Fi sai an kashe ta an kunna. Gyaransa bai kai minti biyu ba. A buɗe Device Manager, a shiga Network adapters, a danna sunan katin sau biyu, a nemi shafin Power Management, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don tsimin wuta. Wasu sababbin kwamfutoci ba su da wannan shafi, a irinsu sai a shiga tsarin batir a ɗauke shi daga kan tsimi.

A nan cikin Device Manager ne kuma ake duba direba, watau 'yar manhajar da ke tuƙa katin, sunan kuwa ya dace da ita. Idan cutar ta fara ne washegarin da Windows ta sabunta kanta, akwai maɓallin Roll Back Driver da ke mayar da tsohon. Idan kuwa direban ne ya tsufa, a ɗauko sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, ta lambar samfurinta. A guji manhajojin nan da ke alkawarin sabunta direbobi duka da danni ɗaya, ɓarnarsu ta fi gyaransu yawa. Windows 10 da 11 suna kuma ajiye tarihin Wi-Fi na kwana uku. Wanda ya buɗe baƙin allon da ikon mai gida ya rubuta netsh wlan show wlanreport, zai sami rahoton kowace yankewa da lokacinta da dalilin da aka rubuta mata. Akwai kuma Network reset a cikin Settings, wanda ke share tsarin sadarwa duka ya sake shi, amma a tanadi kalmomin sirri tukuna domin zai mance da su.

Masu jawo intanet daga wayarsu su lura cewa wayoyi da yawa suna kashe rabon da kansu idan suka ga an ɗan jima ba a amfani da shi, ko batir ya yi ƙasa, kuma ana iya hana su a cikin tsarinsu. Akwatunan aljihu su ma suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, wasu goma wasu sha shida. Wanda ya raba kalmar sirrinsa ga duk 'yan layi, kada ya yi mamaki in ya dawo ya tarar babu masaka tsinke.

Sai an bi duk waɗannan kafin a zargi ƙarfen kansa. Eriyar kwamfutar tafi-da-gidanka tana cikin murfi ne, a saman allo, wasu siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, su ke haɗa ta da katin, kuma ta cikin maƙallin murfi suke bi. Shekara da shekaru ana buɗewa ana rufewa, sai ɗaya ta gutsure ko ta zame daga kan katin. Yakan kuma faru bayan an canja allon da ya fashe, mai gyara ya mance bai mayar da su ba. Alamar a fili take: kwamfuta tana kamawa in an zauna gab da rauta, da an ja da baya kaɗan sai ta saki alhali waya tana nuna ƙarfi, ko kuwa hulɗa ta yanke duk lokacin da aka motsa murfi.

Ko a nan ma akwai gwaji kafin a kwance ta. Ana sayar da ɗan katin Wi-Fi na USB, bai fi kan yatsa ba, a Computer Village da ke Ikeja, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano. A maƙala shi, a kashe na ciki, a yi aiki kwana biyu. In saki ya tsaya, an kama mai laifi, sai mutum ya zaɓa ko ya ci gaba da na wajen ko ya kai a gyara na cikin. In zai kai, ya kwashe takardunsa a wata ma'ajiya tukuna, ya gaya wa mai gyara gwaje-gwajen da ya yi da abin da ya gani, ya kuma ce a fara duba wayoyin eriya kafin a yi zancen goge Windows.

Shi dai maƙwabcin nawa, ƙusa biyu da ɗan katako ya saya, ya kafa wa rauta kanta a barandar da ke tsakanin falo da ɗakinsa. Tsohon katin da aka cire masa yana nan cikin aljihun tebur, lafiyarsa lau.